Ɗanye ko busasshe: kurakuran da aka fi yi wajen lissafin abincin kare da kyanwa

Mai kare ya ɗauki buhun busasshen abinci a hannu ɗaya, ledar niƙaƙƙen ɗanyen nama mai ƙanƙara a ɗaya hannun, ya dubi kuɗin kilo na wannan, ya dubi na wancan, ya yanke hukunci. Tun daga nan lissafi ya karkace, domin kilon farko kusan duka abinci ne, na biyu kuwa yawancinsa ruwa ne. Busasshen abinci na ƙwayoyi ruwan da ke cikinsa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ɗanyen nama kuwa ruwansa kan kai kashi 65 zuwa 75. Wanda ya sayi kilo ɗaya na busasshe ya tafi gida da giram 900 na abin da jiki zai mora, wanda ya sayi kilon ɗanye ya tafi da giram 300 da ɗan abin da ba a rasa ba.

Auna kuɗi da kilo

Dabba ba kilo take ci ba, ƙarfi take ci, kuma da kalori ake auna ƙarfin abinci. Gyaran wannan kuskure shi ne a fara sanin kalori nawa take buƙata a rana, kafin a taɓa maganar kuɗi. Likitocin dabbobi suna da hanyar lissafi da kowa zai iya yi da kalkuletar waya. A ninka nauyin dabbar na kilo da kansa sau uku (nauyi × nauyi × nauyi), a ɗauki tushen murabba'in adadin (alamar √ a kalkuleta), a sake ɗaukar tushen abin da ya fito, sannan a ninka da 70. Abin da aka samu shi ne buƙatar jikinta tana kwance ba ta komai. Ga babban karen da aka fiɗiye sai a ƙara ninkawa da 1.6, wanda ba a fiɗiye ba da 1.8. Kyanwar da aka yi wa aikin hana haihuwa da 1.2, wadda ba a yi wa ba da 1.4.

A ɗauki kare mai kilo 20. Ninkin farko ya ba da 8,000, tushensa 89.4, tushen wannan 9.46, sau 70 ya zama 662, sau 1.6 ya kama kusan kalori 1,060 a rana. Idan buhun busasshe ya nuna kalori 3,700 a kilo, karen zai ci wajen giram 286 a rana, wato kilo takwas da rabi a wata. Idan ɗanyen yana da kalori 1,600 a kilo, sai ya ci giram 660 a rana, kusan kilo 20 a wata. Ke nan ko da kuɗin kilonsu ɗaya ne, na ɗanye ya ninka na busasshe fiye da sau biyu a ƙarshen wata, kuma ɗanyen da kamfani ya haɗa ya kammala ba kasafai kilonsa ke yin araha ba.

Haka abin yake tsakanin buhu da buhu. A ce buhu na farko kilonsa kuɗi 100 ne, yana da kalori 3,200, na biyu kilonsa 120 ne, yana da kalori 4,000. A raba kuɗin da kalorin: kowane kalori 1,000 na buhun farko ya tashi a 31, na biyu ya tashi a 30. Wanda ake gani mai tsada shi ne mai sauƙin, kuma kare zai ci kaɗan, ya yi bayan gida kaɗan. Wannan adadi, kuɗin kalori 1,000, shi ne ma'aunin gaskiya. Da shi kaɗai ake iya jera busasshe da ɗanye da na gwangwani a layi ɗaya. Idan aka auna da shi, ɗanyen da aka busar ta hanyar daskarewa, mai kama da soso, shi ne yawanci ke fin kowanne tsada, duk da ƙanƙantar ledarsa.

Amma lissafin nan mafari ne kawai. Karnuka biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta sosai wajen buƙata, ɗaya mai zirga-zirga, ɗaya mai kwanciya a inuwa. Bayan mako biyu sai a auna nauyi, a ƙara ko a rage kashi 10 cikin 100.

Karanta takardar jikin buhu yadda ta zo

Ruwan nan dai shi ke sake yaudarar mutane a wurin furotin. Buhun busasshe ya ce furotin kashi 26, ledar ɗanye ta ce kashi 14, sai mai saye ya ɗauka busasshen ya fi gina jiki. Sai an cire ruwan kafin a kwatanta. A raba adadin furotin da abin da ya rage bayan an cire ruwa: a busasshe mai ruwa kashi 10, 26 a raba da 90 ya ba da kashi 29, a ɗanye mai ruwa kashi 70, 14 a raba da 30 ya ba da kashi 47. Ɗanyen ya yi nisa. Sai dai a yi wa kitse irin wannan lissafi kafin a yi murna. Ɗanyen da aka rubuta masa kitse kashi 12, idan aka cire ruwa kitsensa ya kai kashi 40, kuma da yawa daga cikin ɗanyen abinci mai araha da kitse da fata ake cika shi, domin su ne ɓangaren dabba mafi sauƙin kuɗi. Irin wannan yana iya kwantar da karen da ke da larurar kumburin fankiriyas, wani sashe na kayan ciki mai taimakawa wajen narkar da abinci, ya yi ta amai da ciwon ciki.

Jerin kayan haɗi ma yana da tarkonsa. Ana jera su ne bisa nauyinsu kafin a dafa. Idan aka ga ɗanyar kaza a sahun farko a jikin buhun busasshe, a tuna kashi 70 na nauyinta ruwa ne da zai ƙone a injin sarrafawa. Garin naman kaza da aka riga aka busar, ko da ya zo na biyu, yana iya fin ta ba da furotin.

Jimlar da ta fi komai muhimmanci a jikin kowane abinci ƙarama ce, kuma ita aka fi tsallakewa: wadda ke cewa abincin cikakke ne, da kuma shekarun dabbar da aka yi shi dominta. A Amurka ana kafa wannan magana ne kan ƙa'idojin AAFCO, ƙungiyar jami'ai masu kula da ingancin abincin dabbobi, a Turai kan na FEDIAF, ƙungiyar kamfanonin abincin dabbobin gida. A ma'aunin AAFCO, bayan an cire ruwa, babban kare yana buƙatar furotin aƙalla kashi 18, kwikwiyo kashi 22.5, babbar kyanwa kashi 26, 'yar kyanwa mai tasowa kashi 30. Yawancin ledojin niƙaƙƙen nama da ake sayarwa domin dabbobi an rubuta musu cewa abincin ƙari ne, ba a dogara da su su kaɗai. Mai saye ya ga sun fi cikakken ɗanye araha, ya mayar da su abincin kullum. Kwatanta kuɗin cikakken busasshe da kuɗin tsurar nama kamar kwatanta kuɗin gida ne da kuɗin bulo.

Tsurar nama da sunan ɗanyen abinci

A nan ɓarna ta fi yawa, kuma a nan ya kamata a tsaya. Mai dabba ya ga ɗanyen kamfani ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya ce ai nama nama ne, bari ya haɗa da kansa. Ya sayi tsoka da zuciya da ƙundu, kare ya ci yana kaɗa wutsiya, gashinsa ya yi sheƙi. Wata biyu, wata uku, ba a ga komai ba. Matsalar ita ce tsoka cike take da sinadarin fosfaras, kalshiyam ɗinta kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Jikin kare yana son kalshiyam ya yi daidai da fosfaras ko ya ɗara shi, bai wuce ninki biyu ba. A tsurar nama kuwa fosfaras ya kan ninka kalshiyam sau goma ko fiye. Jini ba ya yarda kalshiyam ɗinsa ya faɗi, don haka jiki sai ya shiga zare shi daga ƙasusuwa. Babban kare yana iya daɗewa a haka kafin ya nuna. Kwikwiyo da 'yar kyanwa kuwa cikin 'yan makonni ake ganin ɗingishi, ƙafafu su lanƙwashe, su ƙi tashi, wani ya diro daga kan kujera ƙashi ya karye. Garin neman ƙiba an samo rama.

Masu ba da ɗanye da suka san abin suna bin wani rabo: kashi 80 tsoka, kashi 10 ƙashi, kashi 5 hanta, kashi 5 wasu kayan ciki irin su ƙoda da saifa. Ga karenmu mai cin giram 660, ƙashi giram 66 ke nan, hanta giram 33, ƙoda ko saifa giram 33. Kuskuren da ake yi a nan shi ne ɗaukar nama mai ƙashi a matsayin ƙashi zalla. Fiffiken kaza, alal misali, kusan rabinsa ne ƙashi, saura nama da fata, saboda haka giram 66 na ƙashi yana nufin wajen giram 140 na fiffike, a kuma rage naman da ya zo da shi daga kason tsoka. Zuciya da ƙundu a layin tsoka suke, ba a lissafa su cikin kayan ciki.

Wanda ba ya son ba da ƙashi yana iya amfani da ɓawon ƙwai. A wanke shi, a busar, a niƙa ya yi laushi kamar gari, a zuba wajen rabin ƙaramin cokali ga kowane rabin kilo na nama marar ƙashi. Wannan na babban kare ne mai lafiya. Kada a zuba shi a kan abincin da ke da ƙashi, ko a kan cikakken busasshe, domin yawan kalshiyam ma cuta ne, musamman ga kwikwiyon manyan karnuka, wanda hanjinsa bai iya tace abin da ya wuce kima ba. Shi ya sa AAFCO ta sa wa kalshiyam iyakar kashi 1.8 a abincin kwikwiyon da zai kai kilo 32 ko fiye idan ya girma. Ra'ayinmu a nan ba shi da kwana-kwana: kwikwiyon babban jinsi bai kamata a yi renonsa da haɗin gida ba sai da rubutaccen tsari daga likitan da ya ƙware kan abincin dabbobi.

Ko rabon nan na 80 da 10 da 5 da 5 bai cika ba. Yakan gaza a zinki, manganis, aidin, bitamin E da bitamin D, da kuma man nan na omega 3 da ake samu a kifi mai maiƙo. Kare da kyanwa ba sa samun isasshen bitamin D daga hasken rana yadda mutum ke samu, sai ta abinci. Waɗannan duka sai an cike su da gauraye na musamman da ake sayarwa domin haɗin gida, kuma kuɗin gaurayen nan yana cikin kuɗin ɗanyen abinci. Duk lissafin da bai sa shi ba, lissafin dokin rano ne.

Akwai kayan da arahar su ke sa a cika hannu da su. Hanta na farko. Kyanwa tana son ta har ta ƙi komai sai ita, amma bitamin A da ke cikinta taruwa yake yi a jiki, a hankali ƙasusuwan wuya su yi tsiro su manne, kyanwa ta kasa juya kai ta lashi jikinta. Na biyu maƙogwaro da naman wuya na shanu da makamantansu, waɗanda sau da yawa sukan zo da guntun ƙullutun tayirod a maƙale, wato ƙullutun da ke fitar da sinadarin da ke daidaita saurin ƙona abinci a jiki. Karen da ke cin su kullum sai a ga yana ramewa duk da cin da yake yi, yana haki, yana yawan shan ruwa, ba ya zama wuri ɗaya. Da an daina ba shi, yawanci yakan dawo daidai. Na uku ɗanyen kifi: wasu nau'o'insa suna ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, kuma kyanwar da ta rasa shi takan sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji, ta riƙa tangaɗi, ta kai ga farfaɗiya. Dafawa tana kashe wannan sinadari. Albasa da tafarnuwa da inabi kuwa ba su da gurbi a kwanon kare ko kyanwa, ɗanye ko dafaffe.

Kyanwa tana da buƙata guda da ba a wasa da ita, wato wani sinadari da ake samu a nama mai suna taurin (taurine). Jikinta ba ya haɗa isasshe, rashinsa kuma yana jawo makanta da kumburin zuciya. Zuciya da naman cinya suna da shi, amma yana bin ruwan da ke tsiyaya daga nama idan ƙanƙara ta narke. A riƙa zuba wannan ruwa cikin kwanon, a kuma ƙara taurin na gari a duk haɗin gida na kyanwa.

Ƙashin da ke cinye ribar shekara

Dafaffen ƙashi tsagewa yake yi ya zama tsinke, yana iya huda hanji, wannan kusan kowa ya ji. Abin da ba a cika sani ba shi ne ɗanyen ƙashin ƙafar saniya, mai ɓargo, ya fi haƙorin kare tauri. Babban haƙorin tauna na sama, wanda yake yanka nama da shi, shi ne ke ɓarewa, kuma cire shi sai an yi wa karen allurar barci, domin saiwa uku gare shi. Kuɗin wannan aiki ɗaya yana iya shafe duk abin da aka yi tattali a shekara. Ƙashin da ake ci shi ne mai taushi wanda nama ya lulluɓe, kuma girmansa ya fi ƙarfin haɗiya lokaci ɗaya. A tsaya a kansa har ya gama. Ga kare mai haɗama, niƙaƙƙen ƙashi ya fi. Idan bayan gidansa ya fito fari, busasshe, yana marmashewa kamar alli, ko yana yunƙuri abu ya ƙi fita, ƙashi ya yi yawa, a rage.

Masu busasshe su ma suna da tasu tatsuniyar, cewa ƙwayoyin suna wanke haƙora. Yawancinsu farfashewa suke yi da zarar haƙori ya taɓa su, wasu karnukan ma haɗiye su suke yi. Sai nau'in da aka yi musamman domin haƙori, mai manyan ƙwayoyi, shi ke ɗan kankare datti. Abin da ke aiki shi ne buroshi, da man goge baki na dabbobi, ba na mutane ba.

Kuɗin da ba ya cikin rasit

Kilo 20 na nama a wata yana son wuri a firiza, da wuta mai tsayawa, da robobi, da sikeli, da katakon yanka nasa na daban, da lokacin da za a zauna a yanka a auna a ƙulla. Firiza sai ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan wuta ta ɗauke, wadda take cike kuma ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi kamar awa 48, wadda take rabi awa 24, firji kuwa awa 4 kacal. Asarar firiza guda ta isa ta rushe lissafin watanni.

Sai kuma ƙwayoyin cuta. Mutane da yawa sun ɗauka ƙanƙara tana kashe su. Tana kashe wasu tsutsotsi da makamantansu idan naman ya daɗe a ciki, amma Salmonella da Listeria da E. coli kwanciya kawai suke yi, nama na narkewa su farka. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobi da ake sayarwa, ta sami Salmonella a 15, Listeria a 32. A ƙarshen 2024 an sami kyanwa a jihar Oregon da ta mutu da murar tsuntsaye bayan ta ci ɗanyen abincin talotalo mai ƙanƙara. Kare mai lafiya sau da yawa ba ya nuna alamar komai, amma yana fitar da ƙwayoyin a bayan gida da yawu, ya lashi hannun yaro, yaro ya kai baki. Saboda haka gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ba mu ga dalilin shigar da ɗanyen abinci cikinsa ba. Listeria tana iya zubar da ciki. Wanda yake son ribar sabon nama a irin wannan gida ya dafa shi har ya dahu ciki, ba tare da ƙashi ba, ya cike sinadaran da suka rage.

Wanda ya zaɓi ɗanyen duk da haka, ga yadda ake yi. A raba shi kason rana-rana tun kafin ya shiga firiza. A narkar da shi a can ƙasan firji cikin roba mai murfi, ba a kan tebur ko cikin ruwan ɗumi ba, a gama da shi cikin kwana biyu. Kada a wanke naman a famfo, feshin ruwan yana watsa ƙwayoyin har kan kwanukan mutane. A ɗauke kwanon bayan minti 20 zuwa 30, abin da ya rage a zubar. A wanke kwano da wuƙa da katako da ruwan zafi da sabulu, sannan a bi su da ruwan bilic, babban cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, a ɗauraye. Kwanon ƙarfe marar tsatsa ya fi na roba, domin roba tana karcewa, datti ya maƙale a karcen.

Ɗaukar busasshe kamar ba ya lalacewa

Busasshe ba tsarkakakke ba ne. A 2007 sinadarin melamin da aka gurɓata kayan haɗi da shi ya lalata ƙodar karnuka da kyanwoyi masu yawa a Amurka. A 2012 mutane da dama sun kamu da Salmonella ta hanyar busasshen abincin kare. A ƙarshen 2020 zuwa 2021 gubar fumfuna da ake kira afulatoksin, wadda ke fitowa a masarar da ta ji danshi, ta kashe karnuka sama da 100 a can. Amma ɓarnar da ta fi yawa a gida take faruwa, kuma tattali ne ke jawo ta. Mai ƙaramin kare ya sayi buhun kilo 20 saboda kilonsa ya fi araha, alhali karen giram 100 yake ci a rana. Buhun zai yi fiye da wata shida a buɗe. Kitsen da aka fesa a jikin ƙwayoyin yana fara lalacewa da zarar iska ta shiga, bitamin suna raguwa, abincin ya ɗauki warin tsohon mai, kare ya shinshina ya juya baya, a zubar da rabi. A sayi buhun da zai ƙare cikin mako huɗu zuwa shida. A bar abincin cikin buhunsa na asali, a matse iska, a naɗe baki, sannan a sa buhun gaba ɗaya cikin bokiti mai murfi, a wuri busasshe da zafinsa bai wuce digiri 27 ba. Juye shi kai tsaye cikin bokiti yana barin maiƙo a jikin robar, wanda zai ɓata sabon da za a zuba, kuma an yar da lambar buhun da za a nema idan kamfani ya janye kayansa daga kasuwa.

Auna shi da kofi ma asara ce. Hannu yana cika kofi yau, ya tsumbula gobe. Ƙarin giram 30 a rana ga karenmu mai kilo 20 ya haura kashi 10 na abincinsa, wato kusan kilo 11 a shekara da aka biya kuɗinsa domin a saya masa teɓa. Sikelin kicin ya magance wannan. Akwai wani dogon bincike da aka yi kan karnuka 48 jinsin Labrador, aka fitar da sakamakonsa a 2002: waɗanda aka rage wa abinci da kashi 25 sun fi 'yan'uwansu daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma ya yi jinkirin kama su. Ba mu san wani sauyin nau'in abinci da aka tabbatar yana da riba irin wannan ba, kuma wannan kyauta ne. A shafa haƙarƙarin dabbar: a ji ƙasusuwan ba tare da an danna ba, a kuma ga ƙugu ya shiga idan aka dube ta daga sama. Kayan lasa da ake ba ta tsakanin abinci kada su wuce kashi 10 na kalorin rana.

Biyan ƙarin kuɗi domin an rubuta babu hatsi shi ma sau da yawa ba ya sayen komai. Kare ba kyarkeci ba ne, zamansa da mutane ya sa jikinsa ya fi na kyarkeci iya narkar da sitaci nesa ba kusa ba. Karnukan da abinci ke sa wa ƙaiƙayi, an fi samun naman sa da madara da kaza a matsayin sanadi fiye da hatsi. A 2018 ma FDA ta buɗe bincike kan rahotannin ciwon zuciya a karnukan da ke cin abinci marar hatsi wanda aka cika da wake da dangoginsa.

Inda mai ruwa ya fi, da yadda ake sauyawa

A wurin kyanwa, ruwan da muka ce ana biya a banza yana da daraja. Kyanwa mai kilo 4 tana buƙatar kusan kalori 240 da ruwa wajen mililita 200 a rana. Idan busasshe take ci, giram 60 ya ishe ta, ruwan cikinsa mililita 6 ne. Idan ɗanye ne, giram 160 za ta ci, ta sami sama da mililita 100 ba ta kusanci kwanon ruwa ba. Kyanwa ba ta da yawan jin ƙishirwa, fitsarinta yakan yi kauri, kuma namijin da mafitsararsa ta toshe yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku idan ba a kai shi asibiti ba. Sai dai abincin gwangwani yana ba da wannan ruwa daidai da ɗanye, ba tare da ƙwayoyin cuta ba, don haka shi ma a sa shi cikin kwatancen.

Ba dole ba ne a zaɓi gefe guda. Ana iya barin cikakken busasshe ya zama tushe, a ɗora sabon nama ko dafaffen ƙwai a kai, muddin abin da aka ɗora bai wuce kashi 10 na kalori ba idan ba cikakke ba ne. Idan dukansu cikakku ne, ana iya yin rabi da rabi, amma da kalori za a raba: karenmu zai ci giram 143 na busasshe da giram 330 na ɗanye. Wanda ya zuba giram 300 na wannan da 300 na wancan ya ba shi abincin kwana ɗaya da rabi.

Kowane sauyi a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10: kwata na sabo kwana biyu ko uku, sannan rabi, sannan kashi uku cikin huɗu. Idan zawo ya zo, a koma matakin baya a ƙara kwana. Amai da zawon da suka wuce kwana biyu ba jiki ne ke fitar da dauɗa ba, kamar yadda wasu ke faɗa, dabbar ba ta da lafiya ne, a kai ta wurin likita. Kyanwa kuma ba a horar da ita da yunwa don ta karɓi sabon abinci. Idan ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yana iya taruwa a hantarta ya kai ta ga halaka. A ajiye mata ɗan sabon a gefen tsohon, a ɗumama shi kaɗan ƙamshi ya tashi, a bar ta ta saba ko da zai ɗauki wata guda. Dabbar da ke da ciwon ƙoda, ko duwatsun mafitsara, ko ciwon suga, ba a taɓa abincinta sai likitan da ke duba ta ya ga takardar sabon abincin, ya duba yawan fosfaras da kitsen da ke ciki.